Hoton Da Ke Shafin Farko

Da a ce wani ya buɗe albom ɗin nan kafin la'asar, da abin da ya faru ranar Asabar a gidan Malam Zakari bai faru ba. Amma babu wanda ya buɗe shi. Yana nan naɗe cikin takarda mai ƙyalli, a kan tabarma, kusa da farantin goro.

Latifa tana tsaye a bayan labulen ɗakin mahaifiyarta, ta ɗage gefensa da yatsa ɗaya. Kwananta goma da dawowa Yamai daga Beljik, inda ta yi shekara uku tana karatun aikin ruwa. Yau kuma dangin Hamisu sun zo a sa ranar aurensu.

Baƙi biyu ne a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Akwai Baffa Oumarou, ƙanen mahaifin Hamisu, wanda ya riƙe shi tun da uban ya rasu. Sai Gwaggo Fa'iza, ƙanwar Baffan. Shi kuwa Hamisu da ya tuƙo su, yana waje cikin mota, kunya ta hana shi shigowa.

"Saki labulen nan," in ji Inna Hasiya, mahaifiyarta, a hankali. "Amarya ba ta leƙe."

"Inna, ai ban zama amarya ba tukuna."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Latifa ta yi dariya, amma ba ta saki labulen ba.

Malam Zakari, mahaifin Latifa, ya gyara zama, ya ɗauko ƙunshin da hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a.

"Alhaji, kafin mu shiga magana, ga abin da ƴarku ta gano a ƙasar mutane. Hotunanta ne na sa aka wanke. Ɗazu aka kawo, ni ma ban buɗe ba. Na ce ku ne za ku fara gani."

Gaban Latifa bai faɗi ba. Ta san hotunanta. Gadoji ne da teku, da ƙanƙara a kan rufin gidaje, da kekuna a jere bakin ruwa.

Baffa Oumarou ya warware takardar. Ya buɗe shafin farko.

Bai buɗe na biyu ba.

Gwaggo Fa'iza ta miƙo wuya ta leƙa, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Daga inda take tsaye Latifa ta hango shuɗin shadda, nan take ta gane hoton. Babban hoto ne, ya cika shafin. Ita ce a ciki, cikin doguwar riga da ɗankwali. Wani Bature mai baƙar kwat yana gabanta, hannunsa ɗaya a bayanta, ɗayan yana riƙe da nata a sama. Tana dariya har haƙoranta sun bayyana.

"Wannan ne karatun ruwan?" in ji Gwaggo. "To ruwa kam an sha!"

Malam Zakari ya laluba aljihu ya sa gilashinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji... wataƙila akwai bayani..."

"Mu ba mu zo da faɗa ba, Malam Zakari." Baffa ya zare hoton daga albom, ya miƙe tsaye. "Maganar rana dai a ɗaga ta. Wannan zan tafi da shi."

Latifa ta ruga tagar da ke kallon titi. Ta ga Hamisu ya fito daga mota da sauri ya buɗe wa Baffansa ƙofa. Baffa ya ɗaga masa hoton daidai fuska.

"Ka san da wannan?"

Hamisu ya kalli hoton. Ya ɗago ya kalli tagar. Idonsu ya haɗu.

Ya sunkuyar da kai.

"Ina zai sani, yaron kirki?" Gwaggo ta amsa masa. "Tuƙa mu tafi!"

Ya shiga ya tuƙa su.

Malam Zakari ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Bokonsa bai wuce aji huɗu ba. Tun ranar da Latifa ta hau jirgi abinci bai ƙara yi masa daɗi yadda ya kamata ba. In ya ji an yi sanyi a Turai sai ya kira ta. In ya ji jirgin ƙasa ya yi haɗari, ko a wace ƙasa ce, sai ya kira ta.

Ita kuma ta sayi wata ƴar kyamara a kasuwar gwanjo. Duk hutun da aka samu sai ta bi ƴan ajinsu yawo, ta ɗauko hotuna ta turo masa ta waya. Shi kuma ya kai a wanke, ya manna a bangon shago. Amma kullum ƙorafinsa ɗaya ne.

"Uwata, na tura ki karatu, kina turo mini gada! Me zan yi da gada? Muna da tamu a kan kogi. Ina fuskarki? In ga ko kina cin abinci."

"Baba, mai ɗaukar hoto ba ta fitowa a hoto."

Da ta dawo, ya ce ta ba shi ɗan katin kyamarar ya kai a yi masa albom guda. Ta ba shi, ba ta yi tunanin komai ba. Ta manta cewa sau ɗaya wata ƙawarta ta karɓi kyamarar ta ɗauke ta.

Ya kai katin wani shagon wankin hoto a Wadata, inda Balkisa ƴar Gwaggo Fa'iza take aiki, tunda an kusa zama ɗaya. Duk unguwarsu ta Maourey an san Gwaggo ta daɗe tana son haɗa Hamisu da Balkisa. Malam Zakari ne kaɗai bai sani ba, don shi ba ya zaman irin wannan hira.

"Ƴata," ya ce mata, "ki duba da kyau. Duk hoton da Latifa take ciki, ki wanke shi babba, ki sa mini shi a farko."

A cikin hotuna sama da ɗari tara, guda ɗaya ne Latifa take ciki. Balkisa ta wanke shi babba, ta sa shi a farko, ta naɗe albom ɗin ta aiko.

Bayan tafiyar baƙi, Malam Zakari ya daɗe zaune a kan tabarma, goron na gabansa ba a taɓa ba.

"Uwata. Zo nan."

Latifa ta zo ta durƙusa.

"Wane ne?"

"Ɗan ajinmu ne, Baba."

"Me ya haɗa ku?"

"Ƙuri'a."

"Ƙuri'a?"

"Makarantarmu tana da al'ada. Ƙarshen shekara ana yin babbar rawa, su suna ce mata bal. Ƴan ajin ƙarshe ne suke buɗewa, bibbiyu, mace da namiji. Ana rubuta sunaye a zuba cikin hula a jawo. Malamai da iyaye suna zaune suna kallo. Sati shida muka yi muna koyon takun. Minti huɗu ce rawar, Baba. Da aka gama na koma kujerata."

"Dole ce?"

Latifa ta waiwaya. Inna Hasiya tana bakin ƙofa tana yi mata alama da ido ta ce e.

"A'a. Ba dole ba ce."

"To me ya kai ki?"

"So na yi." Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara uku ina bayan kyamara ina kallon mutane suna rayuwarsu. Sau ɗaya na so in shiga ciki."

Malam Zakari ya cire gilashin ya goge da bakin riga.

"Shaddar nan da hannuna na yanka ta. Kika ce bikin makaranta. Na ɗauka za a yi jawabi, a ci abinci, a watse."

"An yi jawabin. An ci abincin."

"Me ya sa ba ki faɗa mini sauran ba?"

"Da ba ka yi barci ba, Baba."

"Yanzu zan yi?"

Hawaye ya zubo mata. Ba ta share ba.

"Ka yafe mini. Wannan kam na yi maka laifi."

"Shi yaron nan Hamisu fa? Yanzu da wane ido zai kalle ki?"

"Hamisu ya sani."

"Me kika ce?"

"Kafin in sa sunana cikin hular sai da na kira shi."

Ta ɗauko wayarta ta nemo wani tsohon saƙon murya, ta kunna. Muryar Hamisu ta fito tana dariya, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Tifa, ki je ki yi rawarki. Ni na san wadda nake jira. Abu ɗaya dai, ki taka masa ƙafa sau ɗaya saboda ni."

Malam Zakari ya miƙe zumbur kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba.

"Alhamdulillahi! Ba ni wayar nan! Yanzu zan bi Alhaji da ita!"

Latifa ta mayar da wayar bayanta.

"A'a, Baba."

"Ke! Kin san abin da kike faɗa?"

"An tambaye shi a gabana. Ya ga idona, ya sunkuyar da kai. In sai waya ce za ta wanke ni alhali yana da baki, ba na son wankin."

"Uwata, auren ne zai lalace!"

"To gara ya lalace a ƙofar gida da ya lalace a cikin ɗaki."

Inna Hasiya ta tafa hannu.

"Ka gani ko, Malam? Taurin kan nan ba daga wajena ta ɗauko shi ba."

Washegari da hantsi Hamisu ya kira. Sau uku wayar tana kuka kafin ta ɗauka.

"Tifa..."

"Ina jinka."

"Ban runtsa ba, wallahi."

"Allah ya sawwaƙe."

"Kin san Baffa. Shi ya yi mini komai tun ina shekara bakwai. In na ce masa na sani, cewa zai yi ba ni da kishi, ba namiji ya raina ba. Ga Gwaggo tana ƙara wa wutar itace. Ki ba ni kwana kaɗan ƙura ta lafa..."

"A kaina ƙurar take lafawa, Hamisu."

"Sheri, masoyiyata, don Allah..."

"Kada ka kira ni haka yau."

Tana jin numfashinsa.

"Saƙon nan... yana nan a wayarki?"

"Yana nan. Kada ka ji tsoro, ba zan kunna wa kowa a danginku ba. Bakinka ne ya faɗa, bakinka ne zai maimaita. In ba zai iya ba, na gode wa Allah da na sani tun yanzu."

"Ina sonki, Tifa. Kin sani."

"Na sani. A waya kana sona ƙwarai."

Ta kashe. Sannan ta kifa kai a kan filo ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba.

Kafin Talata hoton ya shiga wayoyin mutane. Daga Maourey ya kai Wadata, daga Wadata ya shiga Babbar Kasuwa. Matan da suka saba tsayawa shagon Malam Zakari su taya shadda, yanzu bangon suke tsayawa kallo, suna taɓa juna.

Maƙwabcinsa mai sayar da gyale ya leƙo yana murmushi.

"Malam Zakari, fofo, sannu! Yaushe injiniya za ta buɗe mana aji? Ni ma ina son in koyi juyin nan."

Malam Zakari ya jawo kujera ya hau, ya fara ɓamɓare hotunan ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da ɗaya ne. Ya zauna ya tara su a cinya.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunsa a hotunan nan, bai taɓa faɗa wa kowa ba. A ƙasan kowanne, wajen kusurwar dama, akwai wani ɗan abu rawaya mai zagaye. Ga shi a kan ƙarfen gada. Ga shi a kan ƙanƙara. Ga shi cikin yashin bakin teku. Da farko ya ɗauka tabo ne a idon kyamara. Daga baya ya fara tsoron ko laya ce wani ya ba ta a can. Har ya taɓa sa liman ya yi mata addu'a, bai faɗi dalili ba. Tambayarta kuwa ya kasa, don yana tsoron amsar.

Yanzu babu sauran abin tsoro. Ya rufe shago tun kafin azahar ya koma gida.

Ya same ta tana tsince zogale za a yi dambu. Ya ajiye hoto ɗaya a gabanta, ya ɗora yatsa.

"Mene ne wannan?"

Latifa ta kalla. Ta sa hannu a wuyanta ta jawo wani baƙin zare. A jikinsa akwai ɗan zoben tagulla, ya sha hannu har ya yi santsi.

"Zoben famfo ne, Baba. Irin wanda ake sa wa bututu don kada ruwa ya zuba."

"Zoben famfo!"

"Ranar da zan tafi, Hamisu daga wajen gyaran wani foraj, wato rijiyar burtsatse, ya taho filin jirgi. Ya makara, bai samu ya sayo komai ba. Ya laluba aljihu, wannan kaɗai ya samu. Ya ce in riƙe, in kai shi duk inda na je, tunda shi ba zai ga wuraren ba."

"Shi ne kike ajiye shi ki ɗauka?"

"E."

"Kowane hoto?"

"Kowanne."

"Ranar rawar fa?"

"Yana wuyana. In ka duba za ka ga zaren."

Malam Zakari ya kwashi hotunan ya zuba cikin ledar shadda.

"Baba, ina za ka?"

"Ban taɓa wayarki ba, ko? To ke ma kada ki taɓa ledata."

Ya tari taksi zuwa Wadata, inda shagon Hamisu yake.

Shagon Hamisu na gyaran famfunan foraj ne, ko'ina bututu da baƙin mai. Da ya ga wanda ya shigo sai ya saki sifana ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa... Da ka aiko ai da na zo."

"Da za ka zo da ka zo. Share mini teburin nan."

Hamisu ya share. Malam Zakari ya jera hotunan a kai, layi-layi, kamar yadda yake jera atamfa.

"Ba roƙo na zo yi ba. Rawar nan ba ta yi mini ba, kuma ba za ta yi mini ba har in koma ga Allah. Na faɗa mata. Amma duba nan. Da nan. Da nan."

Hamisu bai buƙaci a nuna masa ba. Idonsa ya cika.

"Shekara uku ina neman fuskar ƴata a hotunan nan ban samu ba," in ji Malam Zakari. "Ashe kai kana cikin kowanne."

"Baba..."

"Ban gama ba. Ta ɗauke ka ta kai ka ƙasa biyar. Ta kai ka teku, ta kai ka kan dutse cikin sanyi. Kai kuma an tambaye ka kalma ɗaya a ƙofar gidana, ka kalli ƙasa."

"Na ji kunyar Baffa ne."

"Kunya abu ne mai kyau. Ni ma da ita aka raine ni. Amma kunyar da za ta sa ka bar ƴar mutane a rana kai kana inuwa, wannan ba kunya ba ce, a nemo mata wani suna."

Hamisu ya rufe fuska da hannu, baƙin mai ya shafe masa goshi.

"Ka ji saƙon?"

"Na ji. Na so in kai wa Baffanka, ta hana ni. Ta ce gara auren ya lalace." Ya fara tattara hotunan. "Ni ne na ce a sa hoton nan a shafin farko. Ni ne na miƙa shi da hannuna ban duba ba. Duk wanda ya tambaye ni a kasuwa haka nake faɗa masa. Na ɗauki nawa. Kai ma ɗauki naka."

Ya bar masa hoto ɗaya a kan tebur, na bakin teku, ya fita.

Laraba ta wuce. Alhamis ta wuce. Latifa ba ta tambayi mahaifinta inda ya je ba, shi ma bai faɗa ba. Sai dai duk motar da ta tsaya a titi sai ya ɗaga kai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Baffa Oumarou ne, fuska a ɗaure. Gwaggo Fa'iza tana bayansa. A wannan karon Hamisu bai tsaya a mota ba.

"Yaron nan ya ce yana da magana," in ji Baffa bayan an gaisa. "Na ce ya faɗa a gida, ya ce sai a nan. To ga mu."

Latifa tana bayan labulen nan dai. Inna Hasiya ba ta ce ta saki ba, ita ma leƙen take yi.

Hamisu ya durƙusa a gefen tabarma.

"Baffa, ranar Asabar ka tambaye ni ko na san da hoton nan. Ban amsa ba."

"Ina ji."

"Na sani. Kafin ta yi sai da ta kira ni ta tambaye ni. Ni na ce ta je."

"Kai ka ce ta je?"

"Ni ne."

"Da bakinka?"

"Da bakina. Na yarda da ita a lokacin, na yarda da ita yanzu. Tsoronka ne ya sa na yi shiru, na bar ta da abin ita kaɗai. A nan aka kunyata ta, shi ya sa na ce a nan zan faɗa."

"Ƙarya ne!" Gwaggo ta zabura. "Yaya, ba ka ga an shanye shi ba? Rufa mata asiri yake yi!"

"Fa'iza, zauna." Baffa ya juya. "Malam Zakari, a kira mini yarinyar."

Latifa ta fito da gyale har goshi, ta durƙusa ta gaishe su.

"Abin da ya faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baffa."

"Kina da shaida?"

"Ina da ita, da muryarsa. Amma tunda ya faɗa da bakinsa, ba ta da sauran aiki."

"Sati guda tana hannunki?"

"E."

"Ana yawo da sunanki a kasuwa, ba ki fito da ita ba?"

"Ba tawa ba ce, Baffa. Tasa ce."

Baffa Oumarou ya daɗe yana jan carbinsa.

"Rawar dai ba ta yi ba," ya ce.

"Ba ta yi ba, Alhaji," in ji Malam Zakari da sauri. "Ni ma haka na ce."

"Na ji, Baffa," in ji Latifa. "Na kuma ba Baba haƙuri da na ɓoye masa."

"To. Amma yarinyar da ta nemi izinin wanda bai ma aure ta ba tukuna, ta kuma rufa masa asiri tana ƙonewa, ba ita ce abin tsoro ba. Na zo gidan mutane na ɗaga murya, ashe rabin laifin a gidana yake kwana." Ya harari Hamisu. "Ni da kai za mu yi tamu a gida."

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da hoton, ya miƙa wa Malam Zakari a kife.

"Kayanka. A adana shi inda ido ba ya kaiwa. Ina goron nan na ranar Asabar?"

Gwaggo Fa'iza ta yafa gyalenta ta fita, ba ta yi wa kowa sallama ba. Aka sa rana, sati biyu bayan Babbar Sallah.

Da za su tafi, Inna Hasiya ta ce Latifa ta kai wa baƙi ƙunshin kilishi mota. A zaure ta ci karo da Hamisu.

"Tifa..."

"Matsa in wuce."

"Ki yafe mini, masoyiyata."

"Kwana shida, Hamisu."

"Na sani."

"Zan daɗe ban manta ba."

"Ina da lokaci. Na yi shekara uku ina jira, na iya."

Ta miƙa masa ƙunshin. Ya karɓa, idonsa a kan baƙin zaren da ke wuyanta.

"Ba ki cire ba."

"Na cire ranar Lahadi. Na mayar ranar Litinin." Ta juya za ta koma, sai ta tsaya. "Kuma na taka masa ƙafar."

"Da gaske?"

"Sau biyu. Ɗaya naka, ɗaya don ban iya juyin hagu ba."

Dariya ta ƙwace masa har Baffa ya danna hon daga waje.

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Malam Zakari ya mayar da hotuna arba'in bangon shago, na bakin tekun yana ɗakin Hamisu. A tsakiyarsu ya manna wani sabo, Latifa ita kaɗai tana kallon kyamara, kumatunta a cike. Hamisu ne ya ɗauka, ya ɗan karkace, amma Malam Zakari ya ce ya fi gadojin duka. Hoton rawar kuwa yana ƙasan akwatinsa, cikin ƙyallen shuɗiyar shadda. Bai ƙona shi ba. Inna Hasiya ta taɓa kama shi yana kallonsa, ya ce mata bai taɓa ganin yarinyar tana dariya haka ba.

Gwaggo Fa'iza ba ta zo bikin ba. Balkisa ta zo, ta kawo kwanon sha guda shida, ta rantse wa Latifa cewa abin da aka ce ta yi kawai ta yi. Latifa ta karɓi kwanonin ta yi godiya.

Har yau ba a san ko Balkisa ta naɗe albom ɗin nan ne don ya yi kyau, ko don kada a buɗe shi sai a gaban baƙi. Ba a kuma san wanda ya fara tura hoton cikin wayoyin mutane ba.